Libarba ɗaya tal don farauta, ɗurin hannu da filin harbi: .357, .41, .44 ko .454?

Baƙon_Columbus: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga tambaya ga waɗanda suka riga mu a harkar. Mutum yana zaune a jihar Ohio, kuɗin libarba ɗaya gare shi, wato ƙaramar bindiga mai silinda mai juyawa, kuma yana so ta yi masa aiki uku: farautar barewa mai farar wutsiya a tazarar da ba ta wuce yadi 75 ba, zuwa filin harbi a ƙarshen mako, da ɗura harsashi da hannunsa a gida. Wane magnum ya kamata ya ɗauka? Masu shago suna ta zuga .454 Casull, wai ai tana cin .45 Colt ma.

Sarkin_Baka: Wa alaikumus salam. .44 Magnum, a rufe magana. Tun 1956 yake kasuwa, kwansonsa da ƙwayarsa ba sa yankewa a shago, kuma ba wani littafin awon ɗuri da ba shi da shafuka a kansa. Ƙwaya mai nauyin giren 240 tana fita da gudun ƙafa 1,200 zuwa 1,400 a daƙiƙa, gwargwadon tsawon bututu. Ranar wasa kuma ka sa .44 Special, gajeren harsashin da bindigar take ci, wanda matsinsa bai kai rabin na magnum ba.

Injiniya_Houston: Kafin a rufe, Sarki, a bari mu ga lissafi. Ƙarfin bugu a bakin bindiga: nauyin ƙwaya a giren, sau gudu, sau gudu kuma, a raba da 450,240. Giren 158 na .357 a gudun 1,250 ya ba da wajen 550, a ma'aunin foot-pound. Giren 210 na .41 a gudun 1,300, wajen 790. Giren 240 na .44 a gudun 1,300, wajen 900. Giren 300 na .454 a gudun 1,600, wajen 1,700. To amma akwai kuɗin da ake biya da wuyan hannu. In nauyin bindigogin ɗaya ne, shurin .44 ya ninka na .357 wajen sau biyu da rabi, na .454 kuma ya ninka na .44 fiye da sau biyu. Ban ma sa nauyin albarushi a ciki ba, shi ma yana ƙara shuri. Ga wanda bai saba da giren ba: giren 7,000 ne laba ɗaya, wato giren 240 ya ɗan haura giram 15 da rabi.

Baƙon_Columbus: Na gode Injiniya. Ashe .357 ya yi wa barewa kaɗan ke nan?

Malam_Tanko57: Bai yi kaɗan ba, iyakarsa ce kusa. Dokar Ohio ma ta amince da shi: bututu kada ya gaza inci 5, kwanso ya zama miƙaƙƙe marar wuya, kauri daga .357 zuwa sama. Sai dai ka duba littafin dokar farauta na shekarar da kake ciki, don ana sauya ƙa'idoji. Sharaɗin .357 uku ne. Ƙwaya mai nauyi, giren 158 zuwa 180, ba mai 125 ba, wadda aka ƙera don ta buɗe da wuri. Bututu inci 6. Tazara yadi 50, dabba tana tsaye ta ba ka haƙarƙari, ka sa bayan kafaɗa inda huhu yake. In ta karkace, ko sai ƙwaya ta ratsa ƙashin kafaɗa, nan .44 yake nuna fifikonsa. Tunda ka ce yadi 75, ka riga ka fita daga gonar .357.

Ɗan_Agadas: Ni ban yarda a yi saurin wuce .357 ba. A cikin ayyuka ukun da ya lissafa, farauta kwana nawa ce a shekara? Sauran duk filin harbi ne. Wanda ya harba dubu biyu na .38 Special, wanda bindigar .357 take ci, a shekara ya fi wanda ya harba ɗari biyu na .44 iya sa ƙwaya inda ya nufa. Laba ɗaya ta albarushi mai saurin ci tana ɗura .38 sama da dubu ɗaya. Cikakken ɗurin .44 da albarushi mai jinkirin ci, wajen ɗari uku. Na .460 ko .500 ko ɗari biyu ba ya kaiwa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sarkin_Baka: Ɗan Agadas, ai abin da ɗurin hannu ya zo gyarawa ke nan. Mai .44 yana iya sauko da shi ya koma tamkar .38 a hannu: ƙwayar dalma giren 240 a gudun 850 zuwa 900. Mai .357 kuwa ba shi da tsanin da zai hau ya kai .44.

Hajiya_Minnesota: Wannan saukowar da Sarki ya ambata a nan sababbi suke jin ciwo, don haka a yi bayaninta sosai. Ba kowane albarushi ake ragewa ba. H110 da W296, waɗanda abu ɗaya ne a gwangwani biyu, an yi su ne don cikakken ɗuri. Gargaɗin da aka daɗe ana bugawa a kansu shi ne kada a rage fiye da kashi 3 cikin ɗari daga iyakar sama. In aka rage da yawa wutar ba ta kama shi duka, sai ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu, ta biyu ta zo ta same ta. Suna kuma son firaima ta magnum, wato ɗan kofin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi, da ɗaurin bakin kwanso mai ƙarfi. Don matsakaicin ɗuri akwai 2400, wanda yake jure ragi kuma firaima ta gama-gari ta ishe shi. Don ɗurin wasa akwai irin su Unique. Amma su masu saurin cin nan nasu haɗarin daban: awonsu ɗan kaɗan ne a gindin babban kwanso, har ana iya zuba awo biyu ido bai lura ba, kuma awo biyu yana fasa silinda. Maganinsa a jera kwansuna hamsin a katakon jeri bayan zubi, a haska tocila a leƙa kowanne kafin a ɗora ƙwaya ko ɗaya. Gwangwani ɗaya kawai a kan tebur a lokaci guda. Awo kuwa daga littafin kamfanin albarushi ko na ƙwaya, a fara daga na ƙasa. Kada wani ya rubuto awonsa a zauren nan, kada wani ya kwafa.

Injiniya_Houston: Hajiya ta gama magana. Ƙari ɗaya: in ka ja kunama ka ji ƙarar ta yi sanyi ko shurin ya yi rauni, tsaya. Buɗe silinda, zura sanda ta bututu ka tabbatar ta fita ɗaya gefen.

Mai_Arba'in_da_Ɗaya: Duk kun tsallake .41 Magnum kamar ba a haife shi ba. Ya fito 1964 a Model 57 ta Smith & Wesson. Abin da mutane ba su lura da shi ba: .44 sunansa ne kawai, ainihin kaurin ƙwayarsa .429. Na .41 kuwa .410 ne cif. Bambancin .019 na inci, barewa ba ta san da shi ba. Matsin da SAAMI, hukumar ƙa'idojin harsashi ta Amurka, ta ƙayyade musu ɗaya ne, psi 36,000. Shurinsa ya fi sauƙi, tafiyarsa ta ɗan fi miƙewa.

Sarkin_Baka: Shiga shago uku a ƙauyen Ohio ranar jajibirin buɗe farauta ka tambayi .41, ka dawo ka ba mu labari.

Mai_Arba'in_da_Ɗaya: Ai mutumin ya ce zai ɗura da kansa. Starline na yin kwanson, Hornady na yin ƙwaya mai 210. Aibinsa na gaskiya da zan amsa shi ne ba shi da ƙane a shago kamar yadda .357 yake da .38, .44 yake da Special, kuma nau'in ƙwayoyinsa kaɗan ne.

Malam_Tanko57: Maganar ƙane ta dawo da mu kan abin da masu shago suka gaya wa Baƙo. Gaskiya ne .454 tana cin .45 Colt, amma ga abin da ba su faɗa ba. Kwanson .45 Colt inci 1.285 ne, na .454 inci 1.383. In ka yi ta harba gajeren, toka da dalma da man ƙwaya suna taruwa su yi zobe a cikin ramin silinda daidai inda bakinsa ya tsaya. Ka zo ka tura dogon, bakin kwanson ya hau kan zoben, ya rasa wurin buɗewa ya saki ƙwaya, matsi ya haura. A harsashin da dama yake aiki a 65,000, ba sarari a sama. Haka yake tsakanin .38 da .357, da .44 Special da magnum, sai dai can alamar farko ita ce kwanso ya ƙi shiga ko ya ƙi fita. Ko dai a goge ramukan da burushin tagulla kafin a koma dogon, ko kuma mai ɗurin hannu ya yi abin da ya fi: ya yi sassauƙan ɗurinsa a cikin dogon kwanson, da awon da littafi ya bayar don hakan.

Zakin_Anchorage: A ba .454 haƙƙinta dai. Dick Casull ya yi ta ne don manyan dabbobi, kuma Freedom Arms ta fara fitar da ita a Model 83 a 1983. A Alaska inda ake gamo da beyar mai ruwan ƙasa, ƙwayar zubi mai tauri giren 300 zuwa 360 tana da dalili. A gonar masara a Ohio ba ta da shi. Kuma ɗurinta ba na mai koyo ba ne. Firaimarta ƙarama ce ta doguwar bindiga, ba ta ƙaramar bindiga ba, don kofinta ya fi kauri. Ƙwayar da aka yi wa .45 Colt mai siririyar riga ba ta jure gudunta, shi ya sa Hornady ta raba XTP da XTP Mag. Ga kuma zamewar ƙwaya, wadda ita ce ke kashe bindiga a daji.

Baƙon_Columbus: Ranka ya daɗe, mene ne zamewar ƙwaya?

Zakin_Anchorage: Duk harbi bindiga tana zabura baya da ƙarfi, tana jan kwansunan da ke sauran ramuka tare da ita. Ƙwaya mai nauyi kuwa tana son tsayawa inda take. Sai ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, harbi na huɗu ko na biyar hancinta ya leƙo gaban silinda ya tokare, silinda ta ƙi juyawa. Abu biyu ke riƙe ta. Na farko kamun jikin kwanso: kada a buɗa baki fiye da yadda gindin ƙwaya zai zauna, kuma ƙarfen buɗawar ya fi ƙwayar siranta kaɗan. Na biyu a lanƙwasa bakin kwanso ya shige cikin tsagin da ke jikin ƙwayar. A zaunar da ƙwaya a mataki ɗaya, a ɗaure baki a wani matakin daban. Kuma ɗauri ba ya zama iri ɗaya sai tsawon kwansuna ya zama ɗaya, don haka a datse su: .44 zuwa 1.275, .357 zuwa 1.280. Gwajinsa: auna tsawon harsashi ɗaya, yi masa alama, cika silinda, harba sauran ka bar shi, sake cikawa ka maimaita, sannan ka sake auna shi. In ya ƙaru, da sauran aiki. In ɗaurin ya yi yawa kuma kwanso yana kumbura a ƙasan baki, kamun ya ragu maimakon ya ƙaru.

Hajiya_Minnesota: Firaimar da ba ta zauna sosai ba ita ma tana tokare silinda ta baya. A shafa yatsa a gindin kowane harsashi, a ji ta ɗan nutse ƙasa da gindin kwanso.

Abu_Kano: Ina bin ku daga gida. Wannan ɗurin hannun, mutum zai iya yinsa a nan Najeriya?

Shugaban_Zaure: A'a, Malam Abu. A Dokar Makamai ta 1959, libarba da fistol suna cikin jerin makaman da aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma ƙera harsashi ba abin da aka sakar wa kowa ba ne. Duk maganar nan ta mazauna Amurka ce, inda doka ta ba da dama, su ma kowace jiha da nata sharuɗɗan. A koma kan tambaya.

Ɗan_Agadas: To a koma. Ga wata hanya da ba a ambata ba: .357 a doguwar bindiga mai lefa, irin Marlin 1894 ko Henry ko Rossi. Bututu inci 16 zuwa 18 yana ƙara wa giren 158 gudun ƙafa ɗari huɗu ko fiye, sai ya kai yadi 100 a kan barewa ba gardama. Sharaɗi ƙwaya ta zama mai faffaɗan hanci, don a bututun ajiya hancin ɗaya yana kan firaimar na gabansa.

Sarkin_Baka: Ya ce kuɗin bindiga ɗaya gare shi, kai kuma ka saya masa biyu.

Maƙerin_Dalma: Bari in shigo da maganar zubi, tunda nan ne arahar take. Masu cewa dalma tana shafe bututu, galibi ba taushinta ne ya jawo ba, sirantar ƙwaya ce. Abin da ake aunawa shi ne maƙogwaron silinda, wato ƙarshen kowane rami ta gaba. Ƙwayar dalma ta yi daidai da shi ko ta fi shi da .001. Ga .44 yawanci .430 ko .431, ga .357 kuwa .358. In ƙwaya ta yi siriri, wuta tana bi ta gefenta tana yankar dalma tana liƙawa a farkon bututu, kuma ƙwaya mai tauri sosai ta fi yin haka, don ba ta kumbura ta toshe hanya. In kuma maƙogwaron ya fi cikin bututu ƙunci, kowace ƙwaya za ta matse kafin ta isa, sai maƙeri ya buɗa shi. Haɗin Lyman mai lamba 2, dalma kashi 90, kuza 5, antimoni 5, taurinsa wajen 15 a ma'aunin Brinell, ya ishi yawancin ɗurin magnum. In gudu ya haura 1,300 zuwa 1,400 a sa wadda ake danna wa 'yar hular jan ƙarfe a gindi, ko a yi mata fentin gari a gasa. Siffar da Elmer Keith ya zana, Lyman 429421, har yau tana aiki. Na fi son mai faffaɗan hanci sosai don farauta: ba ta buɗewa, amma tana huda rami mai faɗi ta fita ta ɗaya gefen, jini ya zuba a bi sawu. A yi zubi a waje ko inda iska ke ratsawa, ɗigon ruwa kada ya kusanci tukunya don yana watsa narkakkiyar dalma, a wanke hannu kafin cin abinci, yara kada su shiga wurin. Masu California kuwa su manta da wannan duka a farauta, tun Yulin 2019 sai ƙwaya marar dalma, irin Barnes XPB.

Baban_Sumayya: Maganar jini ta tuna mini. Wadda ƙwaya ta kashe kafin a iso da wuƙa fa?

Malam_Tanko57: Abin da aka saba ji wurin malamai: a yi bisimilla lokacin harbi, in an tarar da ita da rai a yanka. Tafsilin a kai musu, ba fagenmu ba ne. Abin da ya shafe mu shi ne kada a raunata dabba ta gudu ta mutu a banza. Ma'auninsa farantin takarda mai faɗin inci 8 ko 9. Tazarar da kake zuba harbi shida a cikinsa, a irin zaman da za ka yi a daji ba a kan benci ba, ita ce iyakarka ko da .500 ce a hannunka. Kuma .44 da aka saita a yadi 50 yana faɗuwa wajen inci 5 zuwa 7 a yadi 100, sai an san wannan.

Injiniya_Houston: A nan .460 S&W ta 2005 ta yi zarra, giren 200 a gudun 2,200, ga ta tana cin .454 da .45 Colt. Amma bindigar ta kai kilo 2, sai da madubin hange da abin ɗorawa. Kuma a kula da riƙo: wutar da ke fita ta tsagar da ke tsakanin silinda da bututu tana iya yanke yatsa. Babban yatsan hannun hagu kada ya wuce gaban silinda a kowace libarba. Kunne kuma a toshe biyu, na ciki da na waje, .357 ma ƙararsa ta haura desibel 160.

Ɗan_Agadas: In .357 ya zaɓa, ya nemi 686 ta Smith & Wesson ko GP100 ta Ruger. Tsofaffin Model 19 na Smith & Wesson suna tsagewa a ƙasan mashigar bututu, inda aka shafe ƙarfen, in aka dame su da zafafan giren 125.

Zakin_Anchorage: Akwai kuma .45 Colt ita kanta a babbar Blackhawk ko Redhawk ta kamfanin Ruger. Littattafai suna da shafi na musamman na ɗurin da Ruger kaɗai ke ɗauka, yana yin aikin .44 da ƙwaya mafi faɗi. Haɗarinsa a gida ne: harsashin nan in ya faɗa tsohuwar Colt ko New Vaquero mai ƙaramin jiki, an yi ɓarna. Matsin .45 Colt na asali 14,000 ne kacal. Akwati daban, rubutu ja.

Baƙon_Columbus: Allah ya saka da alheri. Na cire .454 daga lissafi. Saura .44 da .357, ga Mai Arba'in da Ɗaya yana ta turo mini saƙo ta gefe. Tambaya ta ƙarshe: in na yi wasa da sassauƙan ɗuri duk shekara, saitin zai yi daidai da na farauta?

Sarkin_Baka: Ba zai yi ba. A yadi 25 ƙwaya mai jinkiri ko mai nauyi takan bugi sama da mai sauri, don ta fi daɗewa a bututu yayin da baki ke ɗagawa. Bambancin yana iya kai inci da yawa. Sayi mai saitin baya da ake murɗawa, ka rubuta adadin murɗin da ke tsakanin ɗurin biyu a murfin akwati, wata ɗaya kafin farauta ka koma cikakken ɗuri.

Hajiya_Minnesota: Ka riƙa cusa kwanso marar komai a rami ɗaya ko biyu, ka juya silinda ba tare da ka kalla ba. In kunama ta faɗa kan fanko ka ga bakin bindiga ya duƙa, razana ta kama ka, sai a koma sassauƙan ɗuri har ta sake ka. Da .44 ake fi ganin wannan.

Mai_Arba'in_da_Ɗaya: Da .41 kuwa ba a cika gani ba.

Ɗan_Agadas: Don ba a cika samun harsashin da za a harba ba. Baƙo, filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Karɓi 686 mai cin .357 da 629 mai cin .44 rana ɗaya, kowace ka harba cikakken ɗuri goma sha biyu a faranti a yadi 25, ka ɗauko hoton farantan biyu ka kawo zaure mu gani.